Laifin Wa Ne, Mutum Ko Na'ura?

Masu iya magana kan ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Gaskiya ne, amma makaɗin da ya san aikinsa yakan dubi ƙafar mai rawa kafin ya saki ganga. A kan wannan nake so mu tattauna, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, dangane da yadda ake tsara na'urorin da muke mu'amala da su kullum.

A farkon shekarar 2023, lokacin da aka shiga ƙarancin takardun kuɗi bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin Naira 200 da 500 da 1,000, na ga wani abu a unguwarmu ta Tumfure da har yau bai bar raina ba. Wata dattijuwa mai ƙosai ta so ta tura wa mai wake kuɗinsa ta waya. Duk bayanin da ke fitowa da Turanci yake, kuma kafin a gama karanta mata sai layin ya yanke, a koma farko. Da ta gaji, sai ta miƙa wa wani saurayi da ba ta sani ba wayar, ta faɗa masa lambar sirrinta a bainar jama'a tana cewa, "Ɗana, taimake ni, kaina ba ya ɗaukar waɗannan abubuwa." Alhali matar nan ita ce take riƙe lissafin bashin unguwa guda da ka.

Akwai fannin ilimi sukutum da ke nazarin hulɗar mutum da kwamfuta. Ɗaya daga cikin masanansa, Ba'amurke Don Norman, ya nuna a littafinsa na 1988 cewa idan mutane da yawa suna kuskure a wuri ɗaya, to a binciki tsarin abin, kada a zargi mutanen. Bisa wannan ma'auni, Baba mai ƙosai ba ta da laifi. Wanda ya tsara hanyar biyan kuɗin ne bai yi tunaninta ba: bai yi magana da harshenta ba, bai kuma ba ta lokacin da take bukata ba.

Ni ma abin ya taɓa ni ta wata fuska. Ɗan Tangale ne ni, a kasuwa da makaranta na koyi Hausa. Tun shekarun 1930 rubutun boko ya karɓi haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, amma allon rubutun kwamfutar da muka saba gani ba shi da su, don haka jama'a suka saba watsar da su. Bahaushe yana ganin "baki" ya san ko baƙi ake nufi, yana ganin "kafa" ya gane ƙafa ce. Mai koyo irina sai ya yi tuntuɓe, wani lokaci ma ya haddace furucin da ba daidai ba. Ba wai na'ura ta kasa ba ce, domin kuwa tsarin Unicode yana ɗauke da waɗannan haruffa tun 1991.

Wani zai ce ai mafita ita ce kowa ya koyi Turanci. To, mu dubi WhatsApp. Da ya kawo saƙon murya a 2013, tsoho da yaro, mai karatu da marar karatu, duk suka rungume shi ba tare da an buɗe musu aji ba, saboda ya dace da al'ummar da ta fi sakewa da magana. Haka nan Google ya shigar da Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya biyo baya a 2016, kuma yanzu ana samun allon rubutun Hausa a wayoyi. Sai dai fassara kaɗai ba ta wadatar ba. Kalmar da aka ƙirƙira a ofis, wadda mai shayi bai taɓa jin ta ba, ita ma wani Turancin ce a wurinsa.

A nan ne aikinmu yake. Mu da muke nazarin harshe mu ne muka san bambancin Hausar littafi da ta bakin titi. Ina ba da shawara wasunmu su ɗauki wannan a matsayin batun kundin kammala digiri: a zauna da 'yan kasuwa da masu sana'a, a ba su waya, a lura da inda suke tsayawa, a rubuta kalmomin da su da kansu suke amfani da su, a kai wa masu ƙera manhaja. Kafin nan, kowannenmu ya sanya allon Hausa a wayarsa, ya daina rubuta ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa. Idan mu ba mu yi ba, Baba mai ƙosai za ta ci gaba da faɗa wa baƙo lambar sirrinta.