Gadon Da Na Sauki Gwaggo

Jama'a, yau ku yi mini uzuri, na ɗan ajiye labarinmu gefe.

Da hunturun bara Gwaggona ta zo mini Minjibir da niyyar sati guda. Kwana biyu ta yi ta ce gida za ta koma. Sai bayan tafiyarta na kwanta a gadon da na sauke ta, wallahi kunya kamar in nutse! Katifar soso ce mai tudu, don ido na zaɓe ta, amma kina hawa za ki lume har bayanki ya taɓo katako. Ga ledar da ban cire ba, duk juyi sai ta yi ƙara. Zanen gadon da na sayo a Kantin Kwari kuwa sheƙi kawai, sai santsi da sanyi.

'Yar'uwa, in za ki sayi katifar baƙi, danna ta da gwiwa, ki ga ko za ta taso nan take. Tsohuwa mai tauri take so, da zanen auduga, da gwado irin na masaƙan garin nan. In damina ce ki ɗaura gidan sauro. Kuma ki fara kwana a kai da kanki, don baƙo kawaici zai yi miki.

Gwaggo dai har yau wuni take yi ta tafi.