Talibambam a cikin bido, bayani a bakin Bature

Damanar bara na sa ƴan ajina na CM2 su kawo talibambam, don su ga da idonsu yadda ƙafafu ke tsirowa wutsiya ta ɓace. Suka kawo cikin bido da gwangwanin madara. Na juye su a babbar roba, na cika ta da ruwan pampo, a ganina ya fi na tabki tsabta. Washegari da safe duk sun mutu. Laifina ne. Ruwan pampo yana ɗauke da kulorin, dangin abin da ke cikin jabel, fatar waɗannan halittu kuwa tana tsotsar duk abin da ke cikin ruwa. A makarantar horon malamai an koya mini in zana matakan girman kwaɗo a allo da alli kala uku. Ba wanda ya taɓa ce mini in bar ruwan a buɗe ya kwana biyu tukuna.

Wani yaro da abin ya dame shi ya ari salular yayansa ya shiga intanet. Abin da ya samo bidiyo ne na Faransanci kan axolotl, wata halitta dangin kwaɗo mai wutsiya, ƴar asalin magudanan ruwan Xochimilco a birnin Meziko, wadda yaran Turai da Amurka suka haukace a kanta tun da aka sa ta a wasan Minecraft a 2021. Ita ruwan sanyi take so, digiri 16 zuwa 18. Sai yaron ya zo mini da shawarar mu sayi ƙanƙara mu zuba wa talibambam na gaba. Kama da wane ba ta wane. Abin da ya tashi a tabkin Maraɗi mene ne haɗinsa da ƙanƙara? Da na gwada nema da Hausa kuwa, tatsuniya na samu da fassarar mafarki.

Na kawo maganar a tsakanin abokan aiki, aka yi dariya. Wani ya ce, "Mushe, muna koyarwa a ajin zana, yara na zaune a ƙasa, kai kana zancen lafiyar kwaɗi?" To, ga amsata gare shi da masu irin tunaninsa: ko ba ku tausayin kwaɗo, ai kuna da ƴaƴa.

Kwaɗi da danginsu kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu da jikinsu ba tare da wata alama ba, ta kuma zuba a ruwan da suke ciki. Yaro ya taɓa, ya sa hannu a kwanon tuwo, sai zawo da zazzaɓi. A Amurka, tsakanin 2009 da 2011, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ƙirga mutum 241 a jihohi 42 da suka kamu ta hanyar wasu ƙananan kwaɗin ruwa da ake sayarwa don ado, mafi yawansu yara ƴan ƙasa da shekara 10. Hukumar tana ba da shawarar kada yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya taɓa irin waɗannan dabbobi. A can ke nan, inda pampo da sabulu ke kowane gida. Ina ga mu, da zawo ke kwantar da ƙananan yara kowace damana? Ga kuma kwaɗon nan mai kurajen baya da ke shigowa tsakar gida da dare: a bayan idanunsa akwai kumburi mai fitar da dafi, in yaro ya matse shi ya murza ido sai raɗaɗi. Amma masu bidiyon neman mabiya suna ta jujjuya kwaɗo a tafin hannu, suna kai shi fuska, ba wanda ke nuna wankin hannu. Shi ma kwaɗon cutuwa yake, don man shafawa da sabulun da ke hannu suna ratsa fatarsa.

Ko shafukan ƙasashen waje masu gaskiya, akwai abin da ba za su taɓa faɗa mana ba, don ba matsalarsu ba ce. Ba su san tsargiya ba. Yaron da na tura tabki neman talibambam ya shiga ruwa har gwiwa, a nan ne ƙwayar da ke fitowa daga ƙananan dodon koɗi ke huda fata, bayan makonni a ga jini a fitsari. Ba su san cewa robar ruwa a buɗe a bayan aji gidan sauro ba ce. Ba su san kududdufin da aka haƙa don bulo ba, mai zurfin da ya fi ƙarfin yaro. Wannan ɓangare, in ba mu muka rubuta ba, ba mai rubutawa.

Kada a ce mini ba hanya. Wikipedia ta Hausa a buɗe take ga duk mai salula. Kuɗin intanet da muke ƙonawa wajen tura jita-jita a WhatsApp ya isa a ɗauki saƙon murya na minti uku, wanda zai kai ga iyayen da ba su karatun boko. Kuma abin da za a faɗa ba shi da yawa. Babba ne zai ɗebo talibambam da guga daga bakin ruwa, ƴan kaɗan. A sa su cikin ruwan sama ko ruwan pampo da ya kwana biyu, a inuwa, a rufe da guntun gidan sauro. Abincinsu gansakuka ko ɗan ganyen salati dafaffe. Burodi yana ruɓar da ruwa. Da ƙafafu sun fito a sa dutse su hau, in ba haka ba su nutse. A wanke hannu da sabulu, a nisanta robar daga madafa da randa. In darasi ya ƙare a mayar da su tabkin da aka ɗebo su.

Malaman kimiyya na kwaleji sun fi ni sanin wannan, ma'aikatan asibiti sun fi ni sanin tsargiya, ina roƙon su gyara mini inda na yi kuskure. Ni dai na riga na karanta wa iyayen ajina waɗannan layuka a taronmu, kuma bana da kaina zan je tabki da guga.