RA'AYINMU: Wa Ke Zana Wa 'Ya'yanmu Jarumansu?

 

Ya 'yan'uwa, daga Gwarzo da Getso har zuwa Kabo da Garo, lokacin nan na bayan isha'i da kakanni suka saba ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, yanzu talabijin da wayar hannu sun gaje shi. Yara na kallon katun, wato fina-finan zane masu motsi, na dodanni da aljanu da jarumai masu tashi sama. Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne: a cikin waɗannan jarumai, wane ne ya yi kama da ɗan Kabo a suna, a sutura, a harshe, ko a tarbiyya?

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da kullum yake ganin jarumi da fuskar wasu, da sannu zai ɗauka cewa jarunta ba gādon gidansu ba ce. Idan kuma an ga dama an sako Musulmi, sau da yawa ba a yi musu adalci. A fim ɗin Aladdin na kamfanin Disney, na 1992, an zana miyagu da manyan hantuna da kaushin harshe, aka wanke jarumin ya fito kamar ɗan Amurka, har sai da Larabawan Amurka suka yi ƙorafi aka sauya wasu kalmomin waƙar buɗe fim ɗin a 1993.

Wasu kuwa ba su tsaya ga kuka ba. Naif Al-Mutawa na Kuwait ya fito da The 99 a 2006, jarumai daga ƙasashe daban-daban, duk da cewa wasu malamai sun soki yadda ya jingina su da sunayen Allah. A nan gida, Adamu Waziri ya ƙirƙiri Bino and Fino. Iwájú na 2024 a Legas aka kafa labarinsa, Iyanu na 2025 kuma daga al'adun Yarbawa aka tsamo shi. Maƙwabtanmu sun zana kansu da hannunsu, mu muna zaune muna jiran a tuna da mu.

Sai dai a yi hattara. Sa wa jarumi hula da babbar riga bai isa wakilci ba. Idan da tsafi yake cin nasara, yana raina iyayensa, to jikinsa ne kawai namu. Wakilci na gaskiya shi ne yaro ya ga kunya da amana da tauhidi a tare da wanda yake sha'awa. Tarihinmu kuwa bai rasa irinsu ba: ga Nana Asma'u da 'Yan Taru, ga Sarkin Kano Muhammadu Rumfa.

Saboda haka muna kira ga iyaye da su riƙa zama su kalla tare da 'ya'yansu, suna rarrabe musu tatsuniya da aƙida. Muna kira ga masu hannu da shuni na Gwarzo da Kabo da su ɗauki nauyin matasa masu baiwar zane su koyi wannan sana'a a kwamfuta, malamai kuma su duba musu labaran. Hani kaɗai ba ya cike gurbi. Wanda ya hana yaro ruwan kududdufi, wajibi ne ya haƙa masa rijiya.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu.