Manhajojin ma'aikatu: idan wanda ya rubuta ya tafi, wa zai gyara?

Ofishin Shugabar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ya sanya ƙarshen shekarar 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su daina aiki da takardu. Hankali ya karkata ga sayen kwamfutoci da horar da ma'aikata, amma akwai giɓin da ba a cika magana a kansa ba: manhajojin cikin gida waɗanda ba a rubuta bayanin yadda aka gina su ba.

Idan manhajar biyan alawus ko ta bin sawun fayil ta tsaya, jami'in da ke kula da na'urori ake nema, alhali ba shi ya rubuta ta ba. Wanda ya rubuta kuwa sau da yawa ɗan kwangila ne da ya gama aikinsa, ko mai bautar ƙasa da shekararsa ta cika. Dole jami'in ya yi ta lalube. Yakan ma ƙi sabunta na'urar don gudun kada manhajar ta rushe, wanda hakan ke barin ƙofa a buɗe ga masu kutse.

Aikin gwamnati ya daɗe da sanin takardar miƙa aiki, kuma ya kamata al'adar ta shafi manhaja. Kada a biya ɗan kwangila kason ƙarshe sai ya miƙa ainihin rubutun manhajar da cikakken bayaninta, jami'in kula da na'urori kuma ya girka ta da hannunsa, ya ga ta yi aiki. Hukumar NITDA, mai tantance ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatu, na iya mayar da wannan sharaɗi.