Ciwon da Ya Rasa Baki: Saɓanin Masu Tarke da Ƴan Kallo a Kan Fim ɗin The Son

Ranar 7 ga Satumba 2022, a bikin fina-finai na birnin Venis na ƙasar Italiya, aka fara nuna fim ɗin The Son na marubucin Faransa Florian Zeller. Da aka kunna fitilu, jama'ar zauren suka miƙe tsaye suna tafi har na kimanin minti goma. Ba a jima ba sharhin masu tarke ya fara fitowa a jaridun Ingila da Amurka, kuma akasarinsa suka ne mai zafi. A shafin Rotten Tomatoes, inda ake tattara ra'ayoyin masu sharhin fina-finai, waɗanda suka yaba fim ɗin ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, alhali makin da ƴan kallo suka ba shi ya ɗara haka nesa. Saɓanin ya cancanci kulawar masu nazarin harshe, domin tushensa magana ce: yadda mai ciwon damuwa yake furuci, da yadda na kusa da shi suke sauraro.

Zeller marubucin wasan kwaikwayo ne kafin ya shiga harkar fim. Ya rubuta wasanni uku a kan iyali: La Mère a 2010, Le Père a 2012, da Le Fils a 2018. Na biyun ya zama fim ɗin The Father a 2020, wanda ya ci kyautar Oscar biyu, ɗaya ta Anthony Hopkins, ɗaya ta rubutun da Zeller ya yi tare da mai fassara wasanninsa, Christopher Hampton. Da wannan suna aka jira The Son. An ɗauke labarin daga Paris an kai shi New York, an kuma juya shi daga Faransanci zuwa Ingilishi.

Labarin gajere ne. Peter, wanda Hugh Jackman ya fito a matsayinsa, lauya ne da ya rabu da matarsa Kate, ya zauna da wata mai suna Beth, suka sami jariri. Wata rana Kate ta zo da labarin cewa ɗansu Nicholas, mai shekara 17, ya yi wata guda ba ya zuwa makaranta. Yaron ya koma gidan uban, aka sauya masa makaranta, aka saya masa sabuwar riga, aka haɗa shi da mai ba da shawara, amma ciwon bai sassauta ba. Bayan ya yi yunƙurin halaka kansa aka kwantar da shi a asibiti. Likita ya gargaɗi iyayen cewa kada su fitar da shi, ya kuma nuna musu cewa ƙauna kaɗai ba za ta wadatar ba. Yaron ya yi ta roƙo da kuka, zuciyar iyayen ta karye, suka sa hannu suka tafi da shi gida. A ranar ya haɗa musu shayi, ya yi fara'a, ya shiga ciki, suka ji ƙarar bindiga.

Ƙorafin masu tarke ya kasu gida uku. Na farko, sun ce zancen cikin fim ɗin busasshe ne, kamar ana karanta shi daga takarda, kuma Nicholas yana ta maimaita cewa yana shan wahala kuma bai san dalili ba. Na biyu, sun ce ba a bar mai kallo ya shiga zuciyar yaron ba, an mayar da shi abin gwajin uba kawai. Na uku, sun ce an tsara ƙarshen ne don a matse hawaye daga idon mutane: tun da wuri an ambaci bindigar da ke ɓoye a gidan, sannan aka rufe da wani zama da Peter yake mafarkin ɗansa ya girma ya rubuta littafi, kafin a farkar da shi da mai kallo gaba ɗaya. Wasu kuma sun ce da wuya a yarda iyaye masu ilimi da dukiya a New York su jahilci ciwon da ya shahara haka.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A ƙorafi na biyu da na uku akwai gaskiya. A The Father, Zeller ya sa mai kallo cikin kan tsohon da tunaninsa ke gushewa, ɗakuna suna sauyawa, fuskoki suna rikiɗa, har mai kallo ya ɗanɗani ruɗanin da kansa. A The Son ya zaɓi tsayawa a waje, wurin iyaye. Zaɓi ne da za a iya karewa, amma yana da farashi: da ƙyar ake sanin abin da Nicholas yake so, ko abokansa, ko irin yaron da yake kafin ciwo, in ban da wani ɗan tunawa da ranar da ubansa ya koya masa iyo a tekun Korsika. Kuma zaman mafarkin na ƙarshe dabara ce da ta fi ƙarfin labarin. Mutuwar yaro ba ta bukatar ƙarin gishiri.

Ƙorafi na farko kuwa, wanda ya fi yawo, shi ne mafi rauni, kuma nan ne ƴan kallo suka fi masu tarke gani. Mai tarke ya saba auna zancen fim da ma'aunin adabi: hikima, salo, abin da aka ɓoye a ƙarƙashin kalma. Ciwon damuwa kuma ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne talauta harshe. A littafinta The Body in Pain na 1985, Elaine Scarry ta yi bayanin cewa zafin ciwo yana rushe magana, har ya mayar da mai iya zance zuwa nishi. Ita a kan ciwon jiki ta yi magana, amma binciken da aka yi a kan masu ciwon damuwa ya nuna abin da ya yi kusa da haka. A 2004, Rude da Gortner da Pennebaker sun nazarci rubutun ɗaliban jami'a a Amurka, suka tarar masu ciwon sun fi sauran yawan amfani da wakilin suna na mutum na farko tilo, da kalmomin ƙunci. A 2018, Al-Mosaiwi da Johnstone na jami'ar Reading a Ingila suka nuna cewa kalmomin yanke hukunci, irin su kullum da sam da gaba ɗaya, suna yawaita a rubutun masu wannan hali. Harshe ne ƙuntatacce, mai zagaye wuri guda kamar dabbar da aka ɗaure a turke. Abin da mai tarke ya kira raunin alƙalami, mahaifiyar da ta taɓa zama a bakin ƙofar ɗakin ɗanta ta ji shi a matsayin muryar da ta sani.

Haka nan zancen iyayen. Peter yana ta tambayar dalili: ko budurwa ce, ko makaranta, ko wani abu ya faru. Masanin falsafar harshe Paul Grice ya bayyana a 1975 cewa masu zance suna ɗaukar junansu a matsayin masu haɗin kai, kowa zai faɗi gaskiya gwargwadon abin da ake bukata. Saboda haka idan aka tambayi mutum dalili ya ce bai sani ba, mai tambaya yakan fassara amsar da ɓoyo ko taurin kai, domin a ganinsa an karya ƙa'idar zance. Nicholas bai karya komai ba. Ya faɗi iyakar abin da yake da shi. Gaskiya ne a wani zama ya ɗora wa uban laifin barin uwarsa, kuma wasu masu sharhi sun riƙe wannan suka ce fim ɗin ya mayar da saki sanadin ciwo. Amma komawa gidan uban bai warkar da shi ba, haɗuwar iyayen biyu a kansa ma ba ta warkar ba. Dalilin da ya bayar dalili ne na wanda aka matsa wa sai ya kawo dalili.

Batun cewa iyaye masu ilimi ba za su yi irin wannan kuskure ba, shi ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Sanin sunan ciwo daban, yarda cewa ya shigo gidan mutum daban. A ziyarar da Peter ya kai wa nasa uban a Washington, wanda Hopkins ya fito a matsayinsa na ƴan mintuna, an ga inda ya gaji harshen umarni da kaushi. Daga baya ya ji kalmomin da ya tsana a bakin tsohon suna fita daga nasa bakin zuwa ga ɗansa. Digiri ba ya goge irin wannan gado.

Fim ɗin na New York ne, kuma can ya kamata a bar shi. Sai dai akwai wata alaƙa ta gaskiya da masu jin Hausa. A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa an saba da fina-finan ƙetare da aka ɗora wa muryar Hausa. Da za a ba mai fassara wannan fim, wace kalma zai sa a bakin likitan a lokacin da yake faɗa wa iyaye sunan ciwon ɗansu? Kalmar Faransanci dépression, kamar takwararta ta Ingilishi, daga Latin ta fito, daga aikatau mai ma'anar dannewa ƙasa. Ko a can ba kowa ta gamsar ba: marubucin Amurka William Styron, a littafinsa Darkness Visible na 1990, ya koka cewa kalmar ta yi sanyi ƙwarai a kan azabar da take wakilta.

A Hausa, gidajen rediyo sun fi amfani da ciwon damuwa. Ɗalibin nahawu ya san cewa damu aikatau ne na aji na bakwai a rabon da Parsons ya yi a 1960, ajin dafu da gyaru, wanda ke nuna abin da aiki ya faɗa wa. Abinci ya dafu domin an dafa shi, mota ta gyaru domin an gyara ta, mutum ya damu domin wani abu ya dame shi. Ginin kalmar da kansa yana neman mai aikatawa, shi ya sa tambayar da ke biyo baya ita ce: me ke damunka? Karin magana ya ƙara ƙarfafa ta da cewa ruwa ba ya tsami banza. Wannan ita ce ainihin tambayar Peter, kuma ita ce wadda mai ciwon sau da yawa ba shi da amsarta. Idan aka guje wa damuwa aka ce baƙin ciki, an mayar da ciwo halin da kowa ke shiga ya fita. Idan aka ce taɓin hankali, an jawo inuwar hauka, iyali kuma za su rufe ƙofa don gudun abin faɗa. Mutanen Shona na Zimbabwe suna da kalmar kufungisisa, wato yawan tunani, wadda likitocin ƙasar suka ɗauka suka yi aiki da ita, har ta shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka a bugun 2013. Bahaushe ma yakan ce tunani ya yi wa wane yawa. Ko wannan furuci zai iya ɗaukar nauyin asibiti, tambaya ce da sai an fita fili an saurari masu magana kafin a amsa ta.

Akwai kuma gaisuwa. Malinowski ya lura tun 1923 cewa wani zancen aikinsa ƙulla zumunci ne kawai, ba isar da labari ba. Wanda aka ce wa ina gajiya, ba gajiya zai ce, ko da ya kwana yana noma. Wanda aka tambaya lafiya, lafiya lau zai amsa. Tsari ne mai kyau da ke kare mutunci, amma yana nufin matashi zai iya gaisawa da gida duka safe da yamma, wata da watanni, ba tare da an buɗe masa ƙofar faɗin abin da ke cinsa ba. Idan ɗan fari ne, alkunyar da ke tsakaninsa da iyaye ta ƙara tsawon katangar. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Zaman shayin nan na ƙarshen fim ya nuna iyakar wannan karin magana, domin fuskar Nicholas ba ta taɓa sakewa kamar a wannan sa'a ba.

Abin da ke kan faifai ya wuce makin fim. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa, kuma fiye da mutum 700,000 ke halaka kansu a kowace shekara, lamarin da ke cikin manyan sanadin mutuwar masu shekara 15 zuwa 29, wato tsaran mafi yawan ɗaliban jami'a. Likitoci suna gane ciwon da ƙunci ko gushewar sha'awar komai da ya kai aƙalla mako biyu, tare da rikicewar barci da cin abinci, da kasa tattara hankali, da ganin kai ba a bakin komai ba. Yana da magani, ta hanyar zama da ƙwararre da kuma ƙwayoyi idan ya yi tsanani. Nisanta mai ciwon daga abin da zai cutar da kansa na cikin matakan da hukumar ta fi jaddadawa, kuma wannan ne matakin da gidan Peter ya yi sakaci da shi.

Hukuncin adalci shi ne The Son fim ne mai aibi a gini, wanda bai kai The Father ba, amma ya kama yadda ake magana a gidan da ciwon ya shiga. Masu tarke sun auna shi da abin da fim ya kamata ya zama, ƴan kallo suka auna shi da abin da suka taɓa ji a ɗakunansu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin da ya rage na masu nazarin harshe ne: a tattara kalmomin da tsofaffi da malamai da ungozomai da ma'aikatan asibiti suke amfani da su a Gobir da Adar da Damagaram, a duba wacce ke sa iyali su nemi likita, wacce ke sa su ja labule. Kafin a kammala wannan, akwai gyara ɗaya da ba ya bukatar bincike. Idan matashi ya ce yana shan wahala kuma bai san dalili ba, a karɓi amsar a matsayin cikakkiya, a daina neman wata, a raka shi wurin likita.