Ɗalibi mai guga da ya kayar da Harvard

Yaron wajena da ke koleji ne ya jawo zancen wannan makon. Ya fara sayar wa 'yan ajinsu caja da murfin waya, kuɗi na shigowa, ni kuwa sai murna nake, ɗa ya gaji ubansa. Ana nan na ci karo da tarihin wani baƙar fata ɗan Amurka, Fritz Pollard, jikina ya yi sanyi.

An haife shi a Shikago a 1894, ya shiga Jami'ar Brown a 1915, lokacin da baƙaƙen da ke irin wannan makaranta ba su taka kara sun karya ba. Ƙwallon Amurka yake bugawa. Ba irin tamu ba ce, tana da siffar ƙwai, da hannu ake ɗaukarta. Aikinsa shi ne ya tsaya daga baya, a miƙa masa ita ya ruga ya ratsa ƙattai. Shi kuwa ɗan firit ne, kilo 75 ko kusa da haka. Abokan hamayya kan hau kansa da gangan bayan ya faɗi, sai ya koyi juyawa rigingine ya ɗaga ƙafafu sama, duk wanda ya faɗo ya haɗu da ƙusoshin takalmi. Wallahi wannan dabarar ta burge ni. Duk wanda ya zauna baƙo a kasuwar wasu ya san irinta.

Ran 1 ga Janairu 1916 ya zama baƙar fata na farko da ya buga wasan Rose Bowl, duk da an ci su 14 da 0. A kakar 1916 Brown ta doke Yale 21 da 6, ta lallasa Harvard 21 ba ko ɗaya, kuma gudunsa ne ya yi aikin. Aka sa shi cikin zaratan 'yan wasan ƙasar na shekarar.

Ga inda ya taɓa ni. Don ya riƙe kansa, guga yake wa ɗalibai a ɗakin kwanansa, ana biyansa. Namu ne ke nan, ɗan kasuwa. To amma tsakanin dutsen guga, fili da masu gayyatarsa don ya yi suna, littafi aka bari a baya. Makinsa ya faɗi, aka hana shi wasa a 1917, ya bar Brown ba digiri. Daga baya dai ya zama kocin ƙwararru a 1921, amma takardar da ta kai shi can bai fito da ita ba.

Ran Juma'a na kira yarona. Na ce, "Kai, kawo min sakamakon zangon da ya wuce." Ya ce, "Baba, ai ba a fitar ba tukuna." Wata uku ke nan da jarrabawa. Na karɓi jakar cajar na ajiye a shago sai hutu. Mahaifiyarsa ta ce na tsananta, har yau ba mu gama wannan maganar ba.