Tasar Kakata Ba Ta Taɓa Dusashewa Ba

Akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da littattafanmu, yau dai sai na faɗe shi.

Da zarar marubuci ya so nuna mana tsohon gida mai asali, sai ya jawo tagulla. Tasa ta dusashe, buta ta yi duhu, mariƙin ƙofa ya soma kore-kore, shi ke nan wai an kai mu zamanin da. Ban ce dabarar ba ta aiki ba. Tagulla ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, iska da danshi da gumin hannu ne ke rina ta sannu a hankali, daga ja zuwa ruwan ƙasa, in ta daɗe cikin laima ta koma kore. Launi ne da shekaru ke yi. Ni kaina in na ga jan kwabon nan na 1973, shekarar da aka soma naira, sai ƙuruciyata ta faɗo mini.

To amma fa ga inda gizo ke saƙar. Kakata, Allah ya jiƙanta, tana da jeren tasoshi ƙirar Bida, kuma duk Alhamis sai ta sa mu goge su da tsamiya da toka har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Mun sha rankwashi a kan haka. A wurinta dusasshiyar tasa abin kunya ce, abin da kishiya za ta yi habaici da shi a tsakar gida.

Shi ya sa in na karanta wai Hajiya mai martaba tana zaune cikin dusassun tasoshinta masu ban sha'awa, abin da nake gani daban ne: ko dai ciwo ya kwantar da ita, ko jikokin duk sun watse babu mai gogewa. Marubucin kuwa kyau yake nufi! Wannan sha'awar aro ce daga Turai, inda har sinadari ake shafa wa sabuwar tagulla don ta yi kama da tsohuwa a ƙara mata kuɗi. In a Landan labarin yake, ba ni da ta cewa.

In kuwa a Kano ne ko Zariya, to a bar tasar Hajiya ta yi ta walƙiya tun daga babin farko. Ranar da jikarta ta dawo daga gidan miji ta tarar da jeren ya yi duhu, ba sai an gaya mana abin da ya faru ba.